Sunan da Zai Hau Gwangwani

Greensboro, farkon watan Maris

Zuwa ga Mama Perpetua,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ba ta jin magani. Yaya zafin Shendam? Mu nan sanyi ya fara sakinmu. Mijina Nanven yana gaishe ki, yana nan yana fama da aikin asibiti. Yara ma lafiya lau, sai dai in na yi musu Hausa su mayar mini da Turanci, kamar ni ce baƙuwa a gidan. Ga shi na rubuta a takarda na ɗauki hoto, tunda kin rantse ba za ki ƙara kasa kunne ga saƙon murya ba. Ki yi wa Confidence mai kemis godiya, ita da take karɓa a wayarta ta nuna miki.

Mama, ki gyara zama, ina da labari. Kin san ƙaramin kamfanin giyar nan da na fara aiki da wanke musu ganguna. To maigidan wurin, Nathan, ya yarda a dafa tawa. Tawa fa, Mama! Irin wadda suke kira pale ale ce, giya garau mai launin zuma, ba ta da kaurin burukutu, ana sa mata wani fure mai ɗaci da ƙamshi da suke ce wa hops. Su da sha'ir suke yin tasu. Ni kuwa sai na je wurin wani manomi a bayan Pleasant Garden da ke noma dawa don shanunsa, na sayo buhu. Mutumin har tambayata ya yi shanuna nawa. Na jiƙa ta, na baza a garejinmu, na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu har ta yi tsiro, yadda na ga mahaifiyata tana yi ina ƙarama, yadda kuma kika ci gaba da nuna mini bayan ta rasu kin ɗauke ni. Ranar da ƙamshin tsiron ya cika gareji, kifa bokiti na yi na zauna a kai, na sha kukana.

Nathan ya ce a watan Afrilu za a fara sa ta a famfon da ake zuba wa mashaya giya a wurin, masu zuwa kullum su ɗanɗana. In ta karɓu, a watan Yuni a zuba ta a gwangwani a kai shaguna. Gwangwani kuma sai da suna. Mama, ina so a rubuta sunan mahaifiyata, ASSIBI. Matar nan da tukunya ta ciyar da mu, aka riƙa yi mana gori a makaranta ana ce mana 'ya'yan mai giya, ta tafi ba wanda ya ce mata sannu. Ina so in ga sunanta a jere a shagon Turawa. Amma ke ce ƙanwarta, ke ce uwar da ta rage mini, ba zan sa ba sai da yardarki.

Don Allah kada zancen ya kai kunnen dangin Nanven a Langtang tukuna, kin san yadda suke ƙyamar giya. Ko matan zumunta na cocinmu a nan, abin da suka sani shi ne ina aiki a kamfanin abin sha. Sun ɗauka lemo ne, ni kuma ban gyara musu ba. Sunan Assibi kuwa ba wanda ya san shi a garin nan, sai Baba Malachy ɗan garinmu da ke zaune wurin 'yarsa.

Ina jiran amsarki da ɗoki.

'Yarki,
Celina

Shendam, tsakiyar Maris

'Yata Celina,

Na gaishe ki, na gaishe da mijinki da jikokina. Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Zafi kuwa ba a magana, ko kaji sun daina yawo.

A tsaye nake rubuta wannan. Mijin Goggonki ta Kwande ya rasu jiya, mota na jirana a bakin hanya. Na karanta takardarki. Sunan Assibi ba zai hau giyar nan ba. Kada ki kuskura, ko da wasa. Sauran magana sai na dawo, don ba ta tsaye ba ce.

Ki rage yawan kuka, yana sa ciwon kai.

Mamanki,
Perpetua

Greensboro, ƙarshen Maris

Mama,

Ina gaisuwa, ina kuma yi muku ta'aziyya. Allah ya ba Goggo haƙuri, ya ji ƙan Baba. Mu duk lafiya, sai ƙaramar da mura ta kama, ta kuma warke.

Na ga amsarki. Na karanta ta a wurin aiki, na sake karantawa a mota, ko zan ga wata kalma da na tsallake. Babu. Kin ce kada in kuskura, to ban kuskura ba. Na gaya wa Nathan a bar zancen sunan.

Amma Mama, zan faɗi abin da ke raina, don ke kika koya mini kada in kwana da magana a ciki. Ban taɓa zaton ke ma kina jin kunyar sana'ar Assibi ba. Mutanen waje sun yi mana, na shanye. Amma ke? Ke da kuke tsayawa tare a bakin murhu hayaƙi na cin idanunku? Ko kuwa gani kike giyar da na yi a ƙasar Turawa, da furensu da injinsu, ba ta isa ta ɗauki sunan yayarki ba? In haka ne ki faɗa mini kai tsaye, zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne layi biyu.

Duk da haka ban manta ba. Ke kika riƙe ni lokacin da ba wanda ya ce a kawo ta nan. Ko me kika yanke, shi zan bi. Ki dai yi mini bayani in kin dawo.

Celina

Greensboro, ƙarshen Afrilu

Mama Perpetua,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru ya yi yawa. Na tambayi Confidence, ta ce har yanzu ba ki dawo daga Kwande ba, lambar Goggo kuma ba ta shiga. Ina fata lafiya. In fushi kike da takardata ta baya, ki yafe mini, bakina ne ya fi ni sauri. Mu nan lafiya, gari ya yi kore shar, ƙurar furanni ta sa Nanven atishawa dare da rana.

An sa giyar a famfo. Tunda ba suna, Nathan ya rubuta "Sabuwa" da Turanci a allo, shi ke nan. Ni ina can baya wajen ganguna, ina leƙe ta ƙofa.

Mama, da kin ga mashayan nan da kin yi dariya har gwiwa ta warke. Ba sa sha kamar mutane. Mutum zai ɗaga kofi sama ya duba ta a haske, ya cusa hanci, ya lumshe ido, ya ɗauki hotonta, sannan ya kurɓi ɗan kaɗan ya riƙe a baki kamar maganin haƙori. Daga nan sai ya ciro waya ya rubuta abin da ya ji, ya ba ta taurari. Akwai wani mai gemu har ƙirji da ba ya fashin zuwa, ya rubuta cewa da farko ya ji ɓawon lemu, a tsakiya ya ji gasasshen burodi, a ƙarshe kuma wani ɗan tsami-tsami da bai san sunansa ba. Ni na san sunansa, dawa ce. Wata mata da ke tuƙo mota daga Sedgefield ta ce ƙamshinta kamar ƙasa in an yi ruwan fari, ta ba ta taurari biyar, wato iyakar abin da ake bayarwa. Wani kuma ya ce ɗacinta bai isa ba, ya ba ta uku, ya kuma zauna ya sha kofi uku. Wani saurayi ya ce ta tuna masa da kunun hatsin da kakarsa ke dama masa. Wannan kam sai da na koma bayan ganga na goge ido. Kafin mako ya zagayo ta ƙare ƙaf, Nathan ya ce gwangwani ya tabbata. Na gode wa Allah, na gode wa hannuwan da suka koya mini.

Sai dai akwai abin da ya dame ni. Na gayyaci Baba Malachy a ɓoye, 'yarsa ta kawo shi da rana kafin mutane su cika. Kin san ya sha ta mahaifiyata shekara da shekaru. Na zuba masa, ya kurɓa, ya sake kurɓa. Sai ya dube ni ya ce, "Wannan ba hannun Assibi ba ne." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya shanye, ya turo kofin na ƙara masa, da za su tafi ya sa 'yarsa ta saya masa a kwalba. Na san don kada in ji kunya ya yi.

To ga ki ga shi, bakinku ya zo ɗaya. Na gane yanzu, ba ta kai ba. Masu buga gwangwani suna son suna kafin ƙarshen Mayu. In ban ji daga gare ki ba, zan ce wa Nathan ya sa duk abin da ya ga dama.

'Yarki,
Celina

Shendam, tsakiyar Mayu

Celina,

Na gaishe ku duka. Da sauƙi yanzu. Bayan makoki zazzaɓi ya kayar da ni a Kwande, ina tashi Goggonki ta kwanta, ban iya barinta ba. Garin kuma sai ka hau tudu waya ke kamawa, ni da gwiwar nan wane tudu zan hau? Shekaranjiya na dawo. An yi ruwa, mutane sun fara shuka.

Confidence ta nuna mini takardunki biyu a jere. Ke Celina, kanki ɗaya kuwa? Ni ce zan ji kunyar Assibi? Ni da har yau in na wuce tsohon murhunta sai na rage tafiya? Haba 'yata. Kin ɓata mini rai, amma laifina ne da na rubuta a tsaye. Na ɗauka kin sani, na manta kin bar gida kafin ki kai shekarun da ake gaya wa mace irin wannan.

To ki saurara. A gidanmu giya ɗaya ce tak ake kira da sunan wanda ya mutu, ita ce giyar makoki. Ba a sayar da ita. A sha a yi kuka, a wanke tukunya, an gama. Ita kika so ki zuba a gwangwani ki jera a shago, Turawa na saye suna dariya? Shi ya sa jikina ya yi sanyi da na gani, ga ni kuma a hanyar gidan makoki.

Giyar sayarwa kuwa sunan mai rai take ɗauka, wadda ta dafa ta da hannunta. Don in cikin mutum ya murɗa, ya san ƙofar da zai buga. In ta yi daɗi, ya san wadda zai gaisar a kasuwa. Shi ya sa mai giya ke fara kurɓa a gaban mai saye kafin ta miƙa masa ƙwarya. Da kakarki ta rasu, uwarki ta karɓi tukwane, mutane suka ci gaba da cewa a ba su giyar Mama. Sai ta ajiye ludayi ta ce, "Mama tana kabari. Mai son giyar Assibi ya miƙo ƙwarya, wanda ba ya so ga hanya." Tana da ƙuruciya a lokacin, amma ta faɗa.

Zancen Malachy kuwa, dariya na yi har Confidence ta leƙo. Malachy ne zai sha giya don kada wani ya ji kunya? Mutumin da in abu bai yi masa ba, ɗanɗanon kyauta kawai yake karɓa, ya goge baki ya ce bari ya je ya dawo, sai kuma wata kasuwar? Ya shanye, ya ƙara, ya sa an saya masa na gida, ke kuma kina can kina haɗiye baƙin ciki. Gaskiya ya faɗa, ba hannun Assibi ba ne. Hannun wa kike so ya zama? Ita ta je wurin mai shanu ta sayo dawa?

Mashayanku kuma Allah ya shirye su. Mai gemun nan da ya ji lemu da burodi a kofi ɗaya, ki ba shi abinci, yunwa ce. Amma matar da ta ce ƙasa da ruwan fari, wannan ta san abin da take sha, ki gaishe ta.

Yanzu ga wadda ba za ki so ji ba. Na yarda kina son girmama uwarki, ban musa ba. Amma ke da bakinki kika ce ba wanda ya san sunanta a can. Ashe wuri kika samu mai kyau na ɓuya, ki tsaya a bayan matacciya kina leƙe ta ƙofa, matan zumunta na ce miki mai lemo. Assibi an zage ta, amma a gabanta aka zage ta, tana tsaye a bakin tukunyarta.

Ba zan tilasta miki ba, ke ce za ki zauna da mutanen, ba ni ba. In kin ga ba za ki iya ba, Baturen ya sa sunan da ya so, ba zan ce komai ba. Amma in yardata kike nema, suna ɗaya na yarda da shi, ni kuma na riƙe mai shi ranar baftisma.

Mamanki,
Perpetua

Greensboro, ƙarshen Yuni

Mamata,

Gaisuwa da godiya ga Allah da ya tashe ki, ke da Goggo. Don Allah ki riƙa shan maganin har ya ƙare, na san halinki. Mu lafiya ƙalau, yara sun yi hutu suna cinye mini gida.

Takardarki ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Kwana na yi ina yi miki gardama a zuci, kina kayar da ni. Da safe na nuna wa Nanven. Ya karanta ya ce, "Ai Mama ta gama magana." Shi da kansa ya kira mahaifiyarsa a Langtang ya gaya mata. Sai kawai ta tambayi lafiyar yara. Har yau ba ta ce komai a kai ba, ni ma ban tsokano ba.

Matan zumunta kuwa ni na tashi a taro na faɗa da bakina. Shugabarmu ta ce za su sa ni a addu'a, aka kuma cire ni daga masu dafa abincin bikin girbi. Wannan ya ci mini rai, shekara nawa ina yi musu jalof. Wasu sun rage gaisuwa. Wata kuma ta biyo ni har mota ta riƙe hannuna, ta ce ita ma uwarta da wannan sana'a ta yi musu makaranta a Kafanchan, ba ta taɓa gaya wa kowa a nan ba. Muka tsaya a wurin ajiye motoci muna share hawaye kamar yara.

Ga hoton gwangwanin. Kin ga zangarniyar dawa, kin ga abin da aka rubuta a ƙasa. Ranar da aka fito da shi wurin ya cika har waje. Mai gemun nan ya juya gwangwani a hannu ya tambayi Nathan wace ce Celina. Nathan ya waiwayo wajen ƙofa. Mama, na fito, da takalmin roba da komai. Na buɗe gwangwani, na zuba, na kurɓa a gabansa sannan na miƙa masa. Ya tsaya sororo. Na ce haka ake yi a gidanmu, wadda ta dafa ita ke fara sha. Sai ga layi, kowa na son in kurɓi nasa! Nathan ya ce in na biye musu ba zan iya tuƙa mota ba, dole na koma ɗaga kofi ɗaya ina nuna musu.

Matar Sedgefield ta zo, na isar mata da gaisuwarki, ta ce a gaya miki ta amsa. Mai cewa ɗaci bai isa ba yana nan a kan bakansa, ya faɗa mini ido da ido, na ce na ji, ba zan ƙara ba. Ya sayi katan. Baba Malachy yana gefe a kujera, duk wanda ya wuce sai ya nuna ni ya ce da Turancinsa, "'Yar garinmu ce."

Na gode, Mama. Na gode da kika hana ni, na gode da kika zage ni. Ki yafe mini zaton da na yi miki.

'Yarki,
Celina

Shendam, watan Yuli

'Yata,

Na gaishe ki da mutanen gidanki. Na shanye maganin, ki daina aiko Confidence tana duba kwalba. Dawa ta kai gwiwa, ruwa na sauka yadda ake so. Zancen yafiya ki bar shi, ba a yi komai ba. Matan zumunta kuma ki ba su lokaci, ranar da suka ci jalof ɗin wata za su tuna da ke.

Na sa an wanke mini hoton gwangwanin a takarda. Ranar kasuwa na tafi da shi rumfar da tsofaffin mashayan uwarki ke zama, waɗanda suka rage. Ya zagaya hannu hannu, har ya isa wurin wani tsohon direban tifa da idonsa ya kusa tafiya. Ya shafa takardar ya ce, "Giyar wa?"

Na ce, "Giyar Celina."

Ya ce, "Wace Celina?"

Kafin in buɗe baki, rumfar gaba ɗaya ta amsa masa: "Celinar Assibi!"

Ya ce, "Assibi? Allah sarki, Assibi." Daga nan aka ɓarke da labarinta, wannan ya faɗi nasa, wancan ya katse shi, har rana ta yi sanyi ba wanda ya tashi. Tun da muka binne ta ban ji an kira sunanta sau da yawa haka ba. Ni da nake hana ki kuka, da bakin zanena na dawo gida a jiƙe.

Mamanki,
Perpetua